Waƙa ta faɗi abin da muka ji kunyar faɗi

Daga zauren karatu

   

Kaka ta yi, lokacin buki ya zo. Daga yanzu har sanyi ya wuce, da wuya dare ya yi ba a ji ganga ko rediyo a wata unguwa ba. Shi ya sa a wannan wata za mu yi zancen waƙa. Wani ɗalibina ya tambaye ni, ya ce: «Malam, waƙa tana gyara halin mutum, ko daɗin kunne ce kawai?» Ban ba shi amsa a ranar ba. Yau zan ba shi, in ba ku duka, da abin da na gani da idona.

Na san akwai waɗanda ba su sauraren kiɗa saboda addini. Ban zo gardama da su ba. Amma waƙa tana cikin gidajenmu, tana cikin aljihun yaranmu. Ya kamata mu san aikin da take yi.

KIƊA YA DAƊE YANA SA MU AIKI

Kowa ya san gayya. In mutum ashirin suka shiga gona babu makaɗi, da hantsi sai ka ga ana dafe ƙugu. In makaɗin noma yana bayansu, yana kiran kowa da sunan ubanshi, sai rana ta take ba wanda ya ce ya gaji. Hauyar ita ce ta jiya, gonar ita ce ta jiya. Zuciyar mutanen ce ta sake.

Mahauta suna da kalangu. Makiyayi yana da sarewarshi a daji. Wanda ya taɓa kallon kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, ya ga yadda kirari ke tada ɗan kokowa daga zaune.

Akwai kuma wani aikin waƙa da iyayenmu mata suka fi mu sani. Mace tana niƙa ko tana daka, tana waƙa. Abin da ke cin ta a rai game da miji, ko kishiya, ko uwar miji, ba ta iya faɗin shi a fili. Sai ta sa shi cikin waƙar niƙa. Ba ta kama suna ba, ba wanda zai kai ta ƙara. Amma wanda aka yi dominshi ya ji. Hausawa sun ce mai zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wannan aikin nake so mu duba yau. Waƙa tana faɗin abin da kunya ko tsoro ya hana baki faɗi.

MAI KUNTIGI NA JOS

A cikin mawaƙan da rediyo ya kawo mana, ban san wanda ya kai Ɗan Maraya Jos iya wannan aiki ba. Mutumin Najeriya ne, amma harshenmu ɗaya. Waƙoƙinshi sun shigo mana ta rediyo da kaset. Yau suna cikin ɗan katin nan da ake sa wa salula.

Sunanshi na yanka Adamu. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Ubanshi makaɗi ne na sarkin Hausawan garin. Uba da uwa suka rasu tun yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi. Ya rasu a watan Yuni na shekarar 2015. Allah ya jiƙan shi.

Kayan kiɗanshi kuntigi ne. Ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, ana yin shi da gwangwani a rufe da fata. Ba shi da ƴan amshi. Shi kaɗai yake kiɗanshi, yana waƙarshi.

Manyan makaɗa na da, sarakuna da attajirai suka fi yi wa waƙa, don can ake samun doki da riga. Ɗan Maraya kuwa an fi sanin shi da waƙar talaka. Ya yi wa karen mota waƙa. Ya yi waƙa a kan zaman aure, da auren dole, da gulma, da mai akwai da mai babu. A wasu waƙoƙin yakan sake murya, ya zama miji, ya zama mata, kamar wasan kwaikwayo. Kana dariya, sai ka ga ashe gidanku ake nunawa.

NI MA KAREN MOTA NE A DA

Bari in fara da kaina. Na bar lakwal daga aji shida, don babu halin ci gaba. Ina da shekara goma sha biyar na shiga tasha, na zama karen mota, abin da muke ce wa aparanti. Kamyo ce mai ɗaukar albasa da wake. Ni ke ɗaure kaya. Ni ke sa dutse a bayan taya in an tsaya a hawa. Da dare in kwana ƙarƙashin mota ina gadi. Ba mai kiran sunana. «Kai yaro» shi ne sunana.

Wanda bai ɗauki kanshi komai ba, ba ya tattalin kanshi. Abin da na samu da rana, da dare ya tafi wurin taba da karta. Shekara biyu ban aika gida da ko dala ba.

Wani dare muna kan hanya, maigidana direba ya sa kaset. Sai ga waƙar Karen Mota. Ina bisa kaya, iska tana duka na, na kasa kunne. Ban taɓa jin an yi wa irina waƙa ba. Ashe akwai wanda ya dubi wannan aiki, ya ga mutum ne ke yin shi. Na sa aka maido kaset ɗin har direba ya yi mani dariya.

Ba zan ce maku washegari na zama waliyyi ba. Amma wani abu ya motsa. Na tuna na iya rubutu. Na sayi kaye na dala ashirin, na fara rubuta buhu nawa muka ɗauka, nawa aka biya, nawa muka sha mai. Maigidana bai iya karatu ba. Da ya ga kayen yana hana a cuce shi, sai ya fara kira na da sunana. Ya ce in koya mashi lissafi a rubuce. Shi ne ɗalibina na farko. Daga can aikin da nake yi yau ya samo asali.

Waƙar ba ta saya mani kaye ba, ba ta koya mani rubutu ba. Ta dai sa na ɗaga kai.

DAREN DA REDIYO YA YI MAGANA

Yanzu ga babban labarin. Ya faru da ranin da ya wuce, a garin da nake koyarwa. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan kowa ba. Mai labarin ya yarda in ba da shi a haka.

Ɗalibaina maza ashirin da huɗu ne. Muna karatu bayan sallar isha'i. A cikinsu akwai wani dattijo, tsaran mahaifina. Baba nake ce mashi. Shi ya ba ni masauki da na zo garin, tuwon gidanshi nake ci.

Baba yana da ɗiya mai shekara goma sha huɗu, tana aji shida a lakwal. Da daminar da ta gabata rumbunshi ya ƙare tun hatsi bai yi kai ba. Wani mai kuɗi na garin gaba, mai mata biyu, ya ba shi buhu biyu na hatsi da jika hamsin. Aka yi alkawari za a ba shi yarinyar kafin ruwa ya sake sauka.

Duk gari ya sani. Mushen lakwal ya taɓa yin magana, aka ce mashi ba ɗiyarshi ba ce. Daga nan kowa ya ja bakinshi. Ni ma na sani, na yi shiru. Na ce wa kaina ni baƙo ne, kuma yaro ba ya gyara wa babba gida.

Wani dare fitilarmu ta mutu ana tsakiyar karatu. Na aiki yaro ya samo wata. Muna zaune cikin duhu, sai wani saurayi makiyayi ya kunna ɗan rediyonshi mai kati. Daga ruga yake zuwa karatu, bai san zancen gari ba. Waƙa ta ƙare, wata ta kama. Sai ga Ɗan Maraya da waƙar Auren Dole.

Da farko wasu suka yi dariya. Sai dariya ta ɗauke. Zaure ya yi tsit. Ba wanda ya iya cewa a kashe rediyo, don cewa a kashe daidai yake da nuna Baba da yatsa. Muka zauna har waƙa ta ƙare. Baba ya ɗauki kayenshi, ya sa takalmi, ya fita bai yi sallama ba.

Dare uku bai zo karatu ba. Tuwo yana zuwa mani kamar kullum, amma na kasa cin shi da daɗi. Na ɗauka na rasa ɗalibi, na rasa masauki.

Rana ta huɗu bayan asuba ya kira ni zaurenshi. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce: «Malam, ku kuka shirya mani wannan?»

Na ce: «Wallahi Baba ba shiri ba ne. Yaron bai ma san zancen ba.»

Ya yi shiru. Ya ce: «Kai fa, ka san zancen?»

Na ce: «Na sani, Baba.»

Ya ce: «Wata nawa kana cin tuwon gidana, ba ka ce mani komai ba?»

Na sunkuyar da kai. Na ce: «Na ji nauyinka ne, Baba.»

Ya ce: «Ka ji nauyina, ba ka ji tausayin ƙanwarka ba.»

Ƴan uwa, tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Ni ne malami. Gwangwani mai tsirkiya ɗaya ya faɗi abin da na kasa faɗi.

Sa'an nan Baba ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Yana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. An yi mata auren da ba ta so. Ta yi yaji, shi da kanshi ya maida ta. Ta sake gudowa, ya sake maida ta da bulala. Na uku ba ta zo gida ba, ta shiga duniya. Fiye da shekara talatin ke nan ba su ji ɗuriyarta ba. Ya ce ya binne wannan zance a cikinshi, waƙa ta tono shi.

Ya ce kuma sai a wannan dare ya tuna bai taɓa tambayar ɗiyarshi ba. Ya aiki gwaggonta ta tambaye ta. Yarinya ba ta ce komai ba, kuka kawai ta yi.

DON ME WAƘA TA SHIGE SHI?

Baba ba jahilin wannan zance ba ne. Ya sha jin shi a rediyo. Ni kaina na taɓa rubuta masu lambobi a allo. Binciken da aka yi a ƙasarmu a shekarar 2012 ya nuna cewa a cikin mata 100, an aurar da 76 kafin su cika shekara 18. An aurar da 28 kafin su cika 15. A jihohin Maraɗi da Damagaram abin ya fi haka.

Ya kuma ji abin da likita ke faɗi. Yarinyar da ƙugunta bai gama ƙwari ba, naƙuda takan yi mata tsawo. In ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida, sau da yawa jariri ya mutu, ita kuma ta samu yoyon fitsari. A Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe gidan likita na gyaran masu wannan ciwo a shekarar 2012. A shekarar 2017 kuma gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da ke karatu.

Duk Baba ya ji waɗannan. Sun shiga ta kunnen dama, sun fita ta hagu. To don me waƙa ta tsaya?

Ga abin da na gane. Lamba tana zancen mata dubu, mutum ba ya ganin fuskar kowa a ciki. Waƙa tana zancen gida ɗaya, sai ka ga naka. Kuma in mushe ko malami ya yi maka magana, kana iya cewa ya raina ka, ka yi fushi, zance ya ƙare. Ɗan Maraya bai san Baba ba. Ya rasu shekaru kafin wannan dare. Ba wanda Baba zai yi wa fushi, sai ya koma ya zauna da zuciyarshi.

WAƘA BA TA BIYAN BASHI

Kada ku ɗauka zance ya ƙare nan. Baba ya dube ni ya ce: «Malam, na ji. Amma waƙa ba ta biyan bashi. Hatsin mun cinye, kuɗin sun tafi. Da me zan fuskanci mutumin nan?»

Gaskiya ya faɗa. Yunwa ce ta ƙulla wannan aure. In ba a kwance ta wajen kuɗi ba, hawaye ba su kwance ta.

Muka je wurin maigari. Maigari ya kira liman. Liman ya tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umurni a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Aka aika wa mai neman aure cewa za a maido mashi kayanshi.

Baba ya sayar da ragon da ya ajiye don layya, da akuya ɗaya. Ɗalibai suka ce su ma sun yi shiru, su ma suna da laifi. Kowa ya kawo tiya biyu ta hatsi, ya cika buhu ɗaya. Har saurayin mai rediyo ya kawo nashi.

Sauran kuwa uwar yarinya ce ta cika. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana kuma cikin asusun mata, irin wanda ake kira Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991. Ta ci bashi a asusu, ta biya a hankali da ribar sana'arta.

Ita ma akwai waƙa a bayan labarinta. A ajin mata na la'asar, ba mawaƙiyar da suke so kamar Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya, wadda ta rasu a shekarar 2013. Tana da waƙa da take kiran mata su kama sana'a. Iya ta ce mani da can tana jin kunyar a ga yaranta da tallan ƙuli-ƙuli. A gidan buki ta ji mata suna rawar wannan waƙa suna yi wa marar sana'a dariya. Ta koma gida ta ari turmi da kasko. Da ba ta kama sana'a ba, da ranar da ɗiyarta ke bukatarta ba ta da abin miƙawa.

An warware alkawari kafin ruwan fari. A watan Oktoba yarinya ta shiga koleji.

Abin bai zo kyauta ba. Bana ba a yi layya a gidan Baba ba. Mai neman auren ba ya amsa gaisuwarshi a kasuwa. Akwai masu cewa dattijo ya tashi alkawari. Baba yana jin zafin wannan magana har yau. Amma ya ce mani yana barci.

Ga kuma abin da ba zan ɓoye maku ba. A wannan zaure, a wannan dare, akwai wani ɗalibi mai ɗiya tsarar waccan. Shi ma ya ji waƙar daga farko har ƙarshe. Har tiya biyu ya kawo wa Baba. Bayan wata biyu ya aurar da tashi. Wannan karon ban yi shiru ba, na same shi na yi mashi magana. Bai ji ba. Ruwa ɗaya ke sauka a jigawa da fako. Jigawa ta sha, fako ya kora.

WAƘA MA TANA DA ƘAIƘAYI

Abin da ke iya tura mutum ga alheri yana iya tura shi rami. Wannan ma mun gani.

Ku dubi gidan buki a wannan kaka. Maroƙi ya hango mutum ya sayar da wake. Ya kira shi ɗan wane jikan wane, wanda ba ya ƙirga kyauta. Kan mutum ya kumbura. Ya shiga fili yana liƙi har aljihu ya bushe. Da bazara shi ne za ka gani yana neman tiya bashi. In ba a yi sa'a ba, irin bashin da Baba ya ci zai ci. Ka ga waƙa ta ƙulla abin da wata waƙa za ta zo kwancewa.

Ban ce a hana makaɗi hakkinshi ba. Sana'arshi ce, da ita yake ciyar da gida. Amma ka yanke abin da za ka ba shi tun daga gida, kafin ganga ta shiga kanka.

Akwai waƙar zambo, wadda ke sa a raina mutum don ƙabilarshi ko don talaucinshi. Akwai waƙar da ke zuga samari su nuna su maza ne da sanda ko da wuƙa. Yanzu lokacin sakin gonaki ne, lokacin da manomi da makiyayi ke haɗuwa a bakin gona. Zuciya tana kusa. Wanda ya cika kanshi da kirarin faɗa da dare, da safe ɗan abu kaɗan zai ishe shi. Manomi da makiyayi kuwa kowa yana bukatar ɗan uwanshi, wannan da kara, wancan da taki da nono.

Saboda haka waƙa kamar hatsi take a masussuka. Sai an sheƙe kafin a kai gida.

YADDA MUKE YI A ZAURENMU

Tun daga wancan dare na sake tsarin karatunmu. Kowace Alhamis muna ware rabin awa. Ɗalibi ɗaya ya zaɓo waƙa, mu saurare ta tare. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su ji shiri, sa'an nan su tattauna. Dattawa kuma suna tuna zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, yadda matasa ke shirya waƙoƙi da wasanni a kan haɗin kai da aikin gayya.

In waƙa ta ƙare, kowa ya faɗi kalma ɗaya da ta tsaya mashi. In rubuta a allo, su kwafa a kaye. A makon farko kalmomin da suka fito su ne: aure, dole, bashi, yarda. Wanda ya rubuta «yarda» da hannunshi, ya karanta ta da bakinshi, ba ya saurin mance ta. Waƙa tana wucewa da iska. Rubutu yana tsayar da ita, a dube ta gaba da baya.

Sa'an nan mu yi wa waƙar tambayoyi. Ku ma ku gwada su a zaurenku, ko a gindin itace, ko a ruga:

1. Wa ake yi wa wannan waƙa, mai kuɗi ko irinmu?

2. Me take so in aikata?

3. In na aikata, wa zai ci riba, wa zai yi hasara?

4. Akwai irin wannan zance a garinmu da muka yi shiru a kai?

Tambaya ta huɗu ita ce mai wuya. Sau da yawa in na yi ta, sai kowa ya dubi ƙasa. Ba na matsa wa kowa. Ba a kama suna a zaure. Amma na lura in an tashi, mutum biyu ko uku sukan tsaya a waje suna magana ƙasa-ƙasa. Ta haka zancen rijiyar da ta rufta ya taso, aka yi gayya aka gyara ta. Ta haka aka fara zancen samarin da ke shan ƙwaya don su yi noma ba gajiya. Wannan har yanzu muna kai, ba mu gama ba.

AMSA GA ƊALIBINA

To ɗan uwa mai tambaya, ga amsarka. Waƙa tana buɗe kunne, tana buɗe baki. Takan kai magana inda malami da maigari suka ji nauyin kai ta. Daga nan aikinta ya ƙare. Sayar da rago, da zuwa wurin liman, da kawo tiya biyu, wannan na mutane ne. In mutane ba su tashi ba, an sha daɗin kiɗa kawai.

Kuma kada mu jira fitila ta mutu, rediyo ya yi mana magana. Wannan darasin nawa ne kafin ya zama naku. Da yaron nan bai kunna rediyonshi ba, da yau ƙanwata tana ɗakin da ba ta so, ni kuwa ina cin tuwon gidansu. In ka san gaskiya, nemi hanyar ladabi ka faɗe ta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ga aikin wannan wata. Wace waƙa ce ta taɓa sa ka bar wani hali, ko ka kama wani? Wace ce ta taɓa sa ka yi hasara? Rubuta layi biyar ko goma da hannunka. Kada ka ji tsoron kuskure. Ba malamin zaurenku, shi zai aiko mana. Mata ma muna jiran naku, don ku kuka riga mu sanin wannan zance.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.